Kishiyoyin kalmar hesitate a Turanci: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya buɗe ƙamus yana neman kishiyar *hesitate* zai tarar da kalmomi jere: *decide*, *proceed*, *resolve*, *plunge*, *continue* da sauransu. Matsalar ita ce ba sa maye gurbin juna. Wata yabo ce, wata zargi, wata ta takardar ofis ce, wata kuma sai a hira. Ga tambayoyin da ɗalibai, masu fassara da masu rubuta wasiƙun aiki suka fi yi a kan wannan gida na kalmomi.

Mece ce ainihin ma'anar hesitate?

Asalinta Latin ne, *haesitare*, daga *haerere*, wato maƙalewa ko mannewa, kuma ta shigo Turanci a farkon ƙarni na 17. Daga wannan tushe ne *adhere* da *adhesive* da *cohere* suka fito, dukkansu suna da alaƙa da liƙewa. Hoton da ke cikin kalmar shi ne na mutumin da ya yunƙura zai yi abu sai ya maƙale a tsakani, bai yi ba, bai kuma fasa ba. A riƙe wannan rashin fasawar da kyau. Wanda ya ƙi, *refuse* ya yi. Wanda ya ɗage aiki zuwa wani lokaci, *postpone* ya yi. Mai *hesitate* yana bakin ƙofa ne, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje.

Hausa ba ta ɗora duk wannan kaya a kan kalma ɗaya ba. Idan rashin tsai da shawara ne mukan ce waswasi, kokwanto, ko saƙa da warwara. Idan tsoro ne ko rashin sabo, ɗari-ɗari ke nan. Idan zuciya ce ba ta so, sai mu ce noƙewa ko jan ƙafa. Idan a baki abin yake, inda-inda ko kame-kame. Idan kuwa ɗan tsayawa ne na daƙiƙa biyu, mu ce ya yi jim. Duk waɗannan Turanci zai iya kiran su *hesitation*, kowanne kuma da tasa kishiyar. A nan mai jin Hausa yana da riba babba, domin harshensa ya riga ya rarrabe masa abin da Turanci ya cakuɗa.

Idan guda ɗaya ake so, wacce za a ɗauka?

A aikatau, *decide* idan maganar shawara ce, *proceed* idan maganar motsi ce. A sifa, *decisive* ce ke fuskantar *hesitant*. A suna, *decisiveness* ko *resolve* ke fuskantar *hesitation*. A bayanau akwai *unhesitatingly*, amma doguwa ce, a baki mutane sun fi cewa *without hesitation*, *at once* ko *straight away*, wato ba tare da wata-wata ba.

Ita kanta *hesitating* aiki biyu take yi. A *She was hesitating* aikatau ce, a *hesitating steps* kuma sifa ce. Sai ka gane wanne take yi a jimlarka kafin ka nema mata kishiya.

Ta yaya zan gane wacce ta dace da jimlata?

Fara da fassara *hesitate* ɗin da ke gabanka zuwa Hausa, ka ga wace kalma ta zo maka. Daga nan ka nemi kishiyarta a Hausa, sannan ka koma Turanci. Bayan haka ka duba ajin kalmar, aikatau da aikatau, sifa da sifa. Na ƙarshe, ka tambayi kanka ko yabo kake nufi ko zargi.

Ɗauki *She hesitated at the door*. Jim ta yi. Kishiyar yin jim ita ce wucewa kai tsaye, saboda haka *She went straight in*. Wanda ya ɗauko *decide* daga ƙamus ya rubuta *She decided at the door* ya bar jimlar a rataye, mai karatu zai zauna yana jiran ya ji me ta yanke.

Ɗauki *He hesitated to lend them the car*. Noƙewa ce. Kishiyarta bayarwa da daɗin rai: *He readily lent them the car*. A *The manager hesitated between the two plans* kuwa saƙa da warwara ake yi, a nan ne *decide* ko *choose* ke da gurbi. A *a hesitant answer* murya ce ke rawa, sai a ce *a firm answer* ko *a confident answer*.

Lura da misalai biyun farko. Ba wani aikatau na musamman aka kawo ba, ainihin aikin aka faɗa, aka ɗora masa bayanau. Turanci yakan bi wannan hanyar sau da yawa, kuma ita ce ta fi kama da maganar masu harshen.

Akwai kalmar unhesitate?

Babu. Ɗafa-goshin *un* aiki biyu yake yi. A gaban aikatau yana nufin mayar da aiki baya, kamar *untie*, kwance abin da aka ɗaure, da *unlock*, buɗe abin da aka kulle. Jinkirin da aka riga aka yi ba ya kwantuwa, shi ya sa ba a gina wannan aikatau ba. A gaban sifa kuma *un* korewa ce zalla, don haka *unhesitating* da *unhesitatingly* daidai suke. *Unhesitant* tana nan, amma ba kasafai ake jin ta ba. In korewa kake so a aikatau, sai ka ce *did not hesitate*.

Mene ne bambancin decide, resolve da determine?

*Decide* ta fito daga *decidere*, wanda ke ɗauke da *caedere*, yankewa, tushen da ya ba da *incision* da *concise*. Hausa ma yankewa ta ce: yanke shawara, yanke hukunci. Hanyoyi ne a gabanka, ka datse sauran ka bar ɗaya. Kalma ce ta yau da kullum, tana shiga ƙaramin abu da babba, daga zaɓen riga har zuwa hukuncin kotu.

*Resolve* ta fi nauyi. Tushenta *resolvere*, kwancewa, shi ya sa take da fuska biyu. *Resolve a problem* warware matsala ne. *Resolve to do something* ƙudurtawa ce, ɗaura ɗamara bayan an sha tunani. Ba a cika amfani da ita a kan abu maras nauyi ba. Wanda ya ce *I resolved to buy a pen* ya sa wa ƙaramin abu babbar riga. A matsayin suna, *resolve* ƙarfin niyya ne, *resolution* kuma tana iya zama ƙudurin da taro ya zartar.

*Determine* daga *terminus* take, wato iyaka. A Turancin yau aikinta ya fi karkata ga ganowa da ƙayyadewa: *determine the cause* gano musabbabi, *determine the amount* ƙayyade adadi. In niyya ake nufi, sifar ake ɗauka. Kuskuren da ake yawan gani shi ne *I determine to pass*. Daidai shi ne *I am determined to pass*.

A hira, *make up your mind* ta fi dukkansu yawo. Da suna kuma ana cewa *make a decision* a ko'ina, *take a decision* a Turancin Ingila. *Do a decision* babu ita ko kaɗan.

Decisive, decided da deciding duk ɗaya ne?

A'a. *A decisive leader* shugaba ne mai yanke shawara a kan kari, kaifi ɗaya. *A decisive victory* nasara ce da ta rufe gardama. *A decided advantage* fifiko ne bayyananne, ba ruwansa da shawara, haka *decidedly* ke nufin ƙwarai. *The deciding vote* kuwa ƙuri'ar raba gardama ce.

A ɓangaren korewa ma akwai tarko. *Undecided* shi ne wanda bai tsai da magana a kan abu guda ba tukuna, kamar mai zaɓen da bai san wa zai zaɓa ba. *Indecisive* hali ne, mutumin da kullum yake cikin saƙa da warwara. Ta farko bayani ce kawai, ta biyun zargi ce, kada ka jefi wanda kake girmamawa da ita.

Proceed, continue da go ahead fa?

*Continue* tana buƙatar a ce an riga an fara. Mai karatu ya yi jim a tsakiyar layi, sai ya *continue*. Wanda bai taɓa farawa ba ba zai *continue* ba. *Proceed* tana ɗaukar duka biyun, kuma harshen hukuma ce: *proceed with the plan*, a ci gaba da shirin, *proceed to Gate 4*, a wuce ƙofa ta huɗu. *Go ahead* ita ce takwararta a hira, kuma da ita ake ba da izini. *The go-ahead* a matsayin suna izinin farawa ne. Idan ana ci gaba ne duk da wahala, *press on* ko *push ahead* sun fi dacewa.

A kula da rubutu. *Proceed* ci gaba ne, *precede* gabata ne, wato zuwa kafin wani abu. Aikatau uku ne sanannu ke ƙarewa da *ceed*: *proceed*, *exceed*, *succeed*. Amma *procedure* da *e* ɗaya ake rubuta ta bayan *c*. *Proceeds* kuma, da nauyin murya a gaɓar farko, kuɗin da aka samu ne daga sayarwa ko taro.

Resolute, steadfast, unwavering, unflinching: yaushe ake amfani da su?

Waɗannan ba lokacin yanke shawara suke kallo ba, abin da ya biyo baya suke kallo, wato tsayin daka. *Determined* ce ta kowa da kowa. *Resolute* ta rubutu ce da jawabi. *Steadfast* tsohuwar kalmar Turanci ce, *stede* wuri, *fast* kafaffe, ta fi tafiya da amana da biyayya: *a steadfast friend*.

Sauran biyun, tare da *unfaltering*, kowacce tana kore wani irin rauni ne. *Waver* rangaji ne tsakanin ɓangare biyu, don haka *unwavering support* goyon baya ne da ba ya karkata. *Flinch* zabura ce saboda zafi ko tsoro, don haka *unflinching* ta dace da wanda ya kalli abu mai muni bai kau da kai ba. *Falter* raurawar ƙafa ce ko murya, sai a ce *unfaltering steps*. Idan tsayin dakan ya wuce gona da iri ya koma kafiya, Turanci ya sauya kalma zuwa *stubborn* ko *obstinate*.

Idan noƙewa ce matsalar, willing zan ce ko eager?

Tsani ne mai matakai. A ƙasa akwai *reluctant*, wanda ba ya so. Sai *hesitant*, wanda bai tabbata yana so ba. Sai *willing*, wanda ba zai ƙi ba. Sai *ready*, wanda ya shirya. A sama akwai *keen* da *eager*, mai ɗoki da zumuɗi.

Mutane da yawa suna ɗaukar *willing* ta fi ƙarfinta. *I am willing to help* na nufin in an nema zan yi, ba ta nuna ɗoki. A wasiƙar neman aiki, in kana son a ga himmarka, *eager* ko *keen* ka ɗauka. *Keen* ta fi yawa a Turancin Ingila. *Anxious to* ma tana nufin so, sai dai akwai fargaba a cikinta, ita ce irin son da ke hana barci.

*Prompt* ba a kan wannan tsanin take ba, lokaci take aunawa. *A prompt reply* amsa ce da ta zo a kan kari, ko mai amsar yana so ko ba ya so.

Rash, hasty, impulsive da reckless ma kishiyoyi ne?

Kishiyoyi ne, amma na ɓangaren zargi, kuma nan ne kuskure ya fi tsada. Dukkansu suna cewa mutum bai yi jinkiri ba, tare da ƙarin cewa da ya yi da ya fi.

*Hasty* gaggawa ce, ba a ba abin lokacin da ya kamata ba. *Rash* garaje ne, ba a duba abin da zai biyo baya ba. *Impulsive* shi ne mai aikata duk abin da zuciya ta raya masa nan take, daga Latin *impellere*, ingizawa. *Impetuous* rawar kai ce mai haɗe da zafin jini, an fi siffanta matasa da ita. *Reckless* ta fi su muni: tsohon aikatau *reck* na nufin damuwa da abu, *less* kuma rashi, wato ya san akwai haɗari bai damu ba. Ganganci ke nan, shi ya sa dokoki ke amfani da ita a *reckless driving*. *Foolhardy* ƙuru ne, jarumtar da ba hankali a cikinta. *Precipitate* azarɓaɓi ce a harshen rubutu, daga *praeceps*, faɗawa da ka.

Ga yadda abin ke ɓaci. Ma'aikaci yana son ya gode wa shugabansa da ya yanke hukunci da wuri, sai ya rubuta *Thank you for your hasty decision*. A zahiri ya ce masa ya yi gaggawar banza. Abin da yake nema shi ne *prompt*, *swift*, *quick* ko *timely*. Haka malamin da ya rubuta *impulsive* a takardar shaidar ɗalibi yana zaton yabo ne, ya yi masa illa. *Decisive* ko *quick to act* ya kamata ya ce. In kana son kalmar da ke nuna yin abu ba shiri amma ba zargi, *spontaneous* ce.

*Rash* ɗin da ke nufin ƙuraje a fata wata kalma ce daban, rubutu ne kawai ya haɗa su.

Bold da confident suna cikin lissafi?

Suna ciki idan ɗari-ɗari ne ya kawo jinkirin. Tsoro ne, sai *bold*, *daring* ko *courageous*. Rashin yarda da kai ne, sai *confident* ko *self-assured*. *Assertive* shi ne mai faɗin abin da yake so gaba-gaɗi ba tare da cin zarafi ba, in cin zarafi ya shigo ya zama *aggressive*. Kada a rikita *confident* da *confidant*, aminin sirri, ko *confidential*, abin da yake na sirri.

Idan a magana ne mutum ke inda-inda, mece ce kishiyar?

*Fluent*, daga *fluere*, gudana, ga wanda maganarsa ke tafiya ba sarƙewa. *Articulate* ga wanda ya iya tsara tunaninsa a baki. Idan kame-kame ne don gudun faɗin gaskiya, kishiyar ita ce *forthright*, *frank* ko *direct*. *Outspoken* ba ya shakkar kowa. *Blunt* ba ya sakayawa, ba kara, tana iya zama yabo ko suka gwargwadon wurin. *Glib* kuwa suka ce zalla, zaƙin baki ne da ba komai a ƙarƙashinsa.

In'ina daban take. Sunanta *stammer* a Ingila, *stutter* a Amurka, kuma lalura ce ta furuci, ba alamar kokwanto ba. Mai in'ina yana iya zama *decisive* fiye da kowa a ɗakin, don haka bai dace a siffanta shi da *hesitant* saboda lalurarsa ba.

Waɗanne ƙananan kalmomi ne ke bin kowacce?

Ita *hesitate* tana tafiya da *to* da aikatau tsura, *hesitate to ask*, ko da *about* da *over* a gaban suna, ko *between* idan abu biyu ne, ko *before* da aikatau mai *ing*.

*Decide to go*, yanke shawarar tafiya. *Decide on a date*, tsai da rana. *Decide against going*, yanke shawarar fasawa. *Resolve*, *determined*, *willing*, *ready* da *eager* duk suna ɗaukar *to* da aikatau tsura. *Keen to go* da *keen on going* duka daidai ne.

Biyu ne ke ba da wahala. Ta farko *committed*, wato wanda ya duƙufa ga abu: *to* ɗin da ke bin ta ba irin wancan ba ne, suna yake nema, shi ya sa aka fi cewa *committed to helping*. Ta biyu *confident*: ana cewa *confident of winning*, *confident that we will win*, *confident in her*, *confident about the test*. *Confident to win* ba ta zauna ba, sai in an sa *enough*, kamar *confident enough to try*.

Me ake nufi da do not hesitate to contact me a ƙarshen wasiƙa?

Kada ka ji nauyin tuntuɓata. Ladabi ne na ofis, ya zama kamar hatimi saboda yawan maimaitawa. In kana son mai sauƙi, *feel free to contact me*, *please get in touch* ko *let me know* sun wadatar.

A wasiƙar shaida akwai jimloli biyu da suka yi kama amma suka yi hannun riga. *I have no hesitation in recommending her* cikakken goyon baya ne, kuma a lura *in* ne da *ing*, ba *to* ba. *I would hesitate to recommend her* kuwa ƙi ne cikin ladabi. Mai fassarar da ya mayar da ita "zan ɗan jinkirta kafin in ba da shaidarta" ya ɓatar da saƙon, domin marubucin ba lokaci yake nema ba, cewa yake ba zai bayar ba. *I hesitate to say this, but* kuma share fage ne kafin magana mai ɗaci, mai faɗinta zai faɗa ɗin.

Akwai salon magana da ke ba da wannan ma'ana?

Da yawa. *Take the plunge* shi ne a rufe ido a faɗa bayan an daɗe ana shawara, ba a faɗinta ga wanda bai taɓa yin waswasi ba. *Bite the bullet* cije haƙori ne a yi abu maras daɗi da ba makawa. *Jump at the chance* cafke dama ne da hannu biyu. *In a heartbeat* da *like a shot* na nufin nan take. *On the spot* da *there and then* a wurin, a lokacin. *Without batting an eyelid* a Ingila, *without batting an eye* a Amurka, ko gezau.

*Jump the gun* ta fita daban. Daga tsere ta fito, ɗan tseren da ya zabura kafin a harba bindigar farawa, don haka riga malam masallaci ne, zargi ce. Duk waɗannan na hira ne da rubutu mai sauƙi. A rahoto ko takardar hukuma a koma ga *decide*, *proceed* da *act promptly*.

Procrastinate da delay ba su ne hesitate ba?

Dangi ne, amma kishiyoyinsu daban. *Delay* ɓata lokaci ne ko da mene ne dalili, ko jirgi yana iya yin *delay*, kishiyarta *hasten*, *expedite* ko *speed up*. *Procrastinate* shi ne a san abin da ya kamata a yi a yi ta cewa sai gobe, kishiyarta *get on with it*. *Vacillate* da *dither* jeka-ka-dawo ne tsakanin ra'ayoyi, su ne *decide* ta fi fuskanta kai tsaye.

Yaya zan amsa irin wannan tambaya a jarrabawa?

A ce an ba ka *The captain's hesitant reply worried the crew*, aka ce ka zaɓi kishiyar *hesitant* daga *decide*, *slow*, *hasty* da *firm*. Fara da zubar da wadda ajinta bai dace ba: *decide* aikatau ce, gurbin na sifa ne. Sai ka zubar da mai ma'ana makusanciya: *slow* tana gefe ɗaya da *hesitant*, an sa ta ne don mai gaggawar da ya manta kishiya ake nema. Saura biyu. Sai ka duba jimlar: amsar ta tayar wa ma'aikatan jirgin hankali ne saboda ba tabbas a cikinta. Abin da zai kwantar musu da hankali shi ne tabbas, ba sauri ba. Amsar ita ce *firm*. Kullum ka mayar da zaɓinka cikin jimlar ka karanta ta gaba ɗaya kafin ka wuce.

Ina aka fi kuskure a furuci?

A *hesitate*, *s* ɗin kamar *z* take fita, nauyin murya a gaɓar farko. *Resolute* ma haka, *z* ce kuma nauyi a farko, amma a *resolve* nauyin ya koma gaɓa ta biyu. *Decide* da *decisive* suna da sautin "sai" a gaɓa ta biyu, *decision* kuwa gajeren "si" ne. *Determine* da "min" take ƙarewa, ba "main" ba, ko da yake rubutun yana yaudara. A *prompt* da *proceed* a haɗe leɓɓa sosai a kan *p* don kada ta koma *f*, kuma kada a cusa wasali tsakaninta da *r*. *Precipitate* idan aikatau ce ƙarshenta "teit" ne, idan sifa ce ƙarshen gajere ne.

Karin maganar Turanci fa, wane ɓangare suka goya wa baya?

Duka biyun. *He who hesitates is lost* tana tafiya da a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ana danganta asalinta da wani layi a wasan kwaikwayon *Cato* na Joseph Addison, wanda aka fara nunawa a 1713, ko da yake lafazin can ya ɗan bambanta. *Strike while the iron is hot* ita ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. A ɗaya gefen akwai *Look before you leap* da *More haste, less speed*, wadda ta yi daidai da sauri ya haifi nawa. Mai fassara ya fi kyau ya kawo karin maganar Hausa da ta dace a kan ya bi kalma da kalma.

Zan iya dogara da ƙamus na kalmomi masu kama da juna?

Don tuno kalmomi, ƙwarai. Irin wannan littafi, da ake kira *thesaurus*, ya samo sunan ne daga na Peter Mark Roget na 1852, wanda ya tsara kalmomi bisa ma'ana, yana ajiye ma'anoni masu kishiyantar juna gefe da gefe. Amma aikinsa tarawa ne, ba ya bayyana bambanci. Ka ɗauko kalmomi uku ko huɗu daga ciki, ka duba kowacce a ƙamus na masu koyo, wanda ke kawo misalan jimla da alamar ko kalmar ta hukuma ce, ta hira ce, ko ta suka. Sannan ka duba da waɗanne kalmomi take zama. *Unwavering* da *support* abokan tafiya ne, haka *prompt* da *payment*, haka *firm* da *decision*. In ba ka ga kalmar tare da sunan da kake son haɗa ta da shi a misali ko ɗaya ba, ka ɗauki wata.

Akwai fannonin da kishiyar ke sauyawa gaba ɗaya?

Akwai. A fannin lafiya, *vaccine hesitancy* ɗari-ɗari ne da allurar rigakafi, wato jinkirta karɓa ko ƙin karɓa alhali tana samuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwa 10 da ke barazana ga lafiyar duniya a 2019. A nan ba wanda ke cewa *decisiveness*. Ana cewa *vaccine acceptance* ga amincewa, *vaccine confidence* ga yarda da ingancinta, *uptake* kuma ga yawan waɗanda suka karɓa a aikace. A lura *hesitancy* ce a nan, domin ta fi nuna yanayin da ya daɗe, *hesitation* kuma ta fi nuna tsayawa ta lokaci guda.

A wajen makanikai, idan aka ce *the engine hesitates*, ana nufin an taka totur injin ya ɗan shaƙe kafin ya ɗauka, sau da yawa saboda mai ko iska ko wutar fulogi ba sa isa yadda ya kamata. Injin da ke ɗauka nan take *responsive* ake ce masa, ko a ce *it accelerates smoothly*. A harkar kasuwanci kuma, idan masu zuba jari suna *hesitant*, kishiyar da jaridu ke amfani da ita ita ce *confident*, ko *bullish* idan suna sa ran farashin hannun jari zai hau.